A-kori-kurar da Ta Ƙi Hucewa

Mu biyu ne maza a gidanmu, ni da Yaya, kuma ya ba ni shekara takwas. Shi tun yana saurayi ya bi mota, ya yi yaron mota har ya zama direba. Ni kuwa rumfa na kama a kasuwar Ɗanbatta ina gyaran rediyo da tocila da fanka, har mutane suka bar kirana da sunana suka koma ce min Mai Rediyo. Gida ɗaya muke, kowa da sashensa, noma ma tare muke yi: da damina gero da gyaɗa a gonar gado da ke bayan gari, da rani kuma tumatir da albasa a wani fili da muke nomawa a Watari. Abin da ke kwaso mana kayan gonar nan wata tsohuwar a-kori-kura ce fara, wadda Yaya ke ja. Ni tayar da ita kawai na iya, ko juya ta a ƙofar gida ban taɓa yi ba.

Wata shekara, ana tsakiyar ɗiban tumatir, injinta na asali ya gaji. Ya daɗe yana gargaɗi. Hayaƙi ya koma shuɗi, baƙin mai ba ya kwana biyu sai an ƙara, in ta zo hawa sai ka ji tana numfashi sama-sama. Aka kai ta wajen bakaniken da ke duba ta tun ranar da ta shigo hannunmu, wanda kowa ke ce wa Maigareji. Garejinsa na bakin titi a Makoda, ƙarƙashin wasu bishiyoyin darbejiya biyu. Shi da Yaya ba aiki ne kawai ya haɗa su ba. Babbar mota ɗaya suka bi suna samari, sun sha wahalar hanya tare, kuma duk ranar da Yaya ya biyo ta Makoda a kwano ɗaya suke cin abincin rana.

Maigareji ya buɗe injin ya duba, ya ce gyara ɓata lokaci ne, a sake wani. Ya shiga Kano ya yi kwana biyu yana zagaye bai sami irin nata ba, sai ya dawo da wani inji na hannu, ɗan Kwatano, da aka ciro daga ƙaramar mota. An sha aiki kafin ya zauna, an yanka, an yi walda, an sake masa mazauni. Ranar da aka tayar da shi ina wurin. Sautinsa sumul, ba kakkarwa ba tari. Yaya ya zagaya motar sau biyu yana murmushi.

Abu ɗaya ne sabon injin ya zo da shi daban. Tsohon yana da fankarsa a jikinsa, bel ke juya ta, muddin inji na aiki tana jawo iska ta cikin lagireto tana sanyaya ruwan. Sabon ba shi da wurin ɗaura irin wannan. Don haka Maigareji ya samo fanka mai aiki da batir ya ɗaura a bayan lagireto. A motar da aka ciro injin akwai abin da ke kunna fankar da kansa idan ruwa ya yi zafi, amma lagireton a-kori-kura ba shi da gurbinsa. Sai Maigareji ya ƙara wa wayoyin fankar tsawo, ya sa ɗan makunni kusa da sitiyari.

"In ka ga allurar zafi ta wuce rabi, ka danna," ya ce wa Yaya. "In ta sauko, ka kashe. Kafin in samo mata na dindindin."

Haka aka yi mako biyu lafiya lau. Ran nan Yaya ya taso daga Watari da kwanduna cike, sai ya ji ƙaurin roba. Ya tsaya a gefen hanya, ya tarar makunnin ya narke, wayoyin sun manne da juna. Irin wannan fanka wuta take ja sosai, ɗan makunnin bai iya ɗauka ba. Yaya ba mutumin da zai zauna a hanya yana jiran taimako ba ne. Ya zaro wuƙa ya yanke wayoyin biyu daga kusa da fankar, ya ɗaura ɗaya a jikin ƙarfen mota, ɗayar ya haɗa ta da wayar da ke kawo wuta idan an murɗa makulli. Ya tayar, fanka ta kama juyi, ya naɗe haɗin da leda ya kamo hanya.

Da yamma ya ba ni labari yana alwala a tsakar gida.

"Na huta da danne-danne. Dairek na haɗa ta, da na murɗa makulli take tashi."

Na yi masa sannu da ƙoƙari. Ban je na duba ba, don bai ce in duba ba, kuma a gidanmu ƙane ba ya bin bayan aikin wansa.

A makon ne zafin bazara ya sauka da ƙarfinsa, a makon ne kuma motar ta fara tafasa. Da farko kowa rana ya ɗora wa laifi. Na bi shi sau ɗaya a kwanakin, na ga abin da idona. Muna tsaye a bakin gona ana lodi, inji na silo, wato yana aiki a hankali, allura ba ta wuce rabi ba. Da muka hau titi sai ta fara hawa a hankali har ta kusa taɓa ja. Dole ya tsaya, ya jira, ya kwara wa lagireto ruwa daga jarka, mu ƙara gaba kaɗan mu sake tsayawa. Tumatir kuwa ba ya haƙuri da rana. Tafiyar da ake gamawa da hantsi ta koma sai bayan azahar, a isa kasuwa a Kano manyan masu saye sun gama lodi sun tafi, na ƙasan kwando ya yi laushi yana ɗigar da ruwa.

Sau uku motar tana komawa Makoda. Karo na farko Maigareji ya sake murfin lagireto. Na biyu ya sauke lagireton gaba ɗaya aka wanke shi, aka fitar da laka da tsatsa. A na uku Yaya ya matsa sai an cire tamostat, ɗan ƙarfen nan da ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama sannan ya buɗe masa hanya. Direbobi da yawa a wajenmu sun yarda cewa kayan ƙasar sanyi ne, a nan ba shi da amfani. Maigareji bai so ba, amma ya cire ya jefa a wani gwangwani. Duk zuwan nan kuma ana duba fanka. A ɗaga bonet, a murɗa makulli, a ga tana juyi har ba a ganin fikafikanta, a ji ƙuginta, a ce fanka lafiya.

Sai magana ta fara yawo a tasha, wai kan injin ne a tsage, tun daga Kano aka ɗauko shi da ciwonsa, kuma bakanike kamar Maigareji ba zai ce bai gani ba. Yaya ya yi kwanaki yana korar maganar. Ranar da rabin lodinsa ya ruɓe a hanya, ya wuce garejin kai tsaye. Ba na wurin, amma waɗanda ke zaune a benci a lokacin sun kawo min ita yadda ta fito.

"Mataccen inji ka ɗora min," in ji Yaya, "kuma ka sani."

Maigareji yana ƙarƙashin wata mota. Ya fito, ya goge hannu, ya ce, "Idan kan injin nan a tsage yake, ni zan sauke shi da hannuna in ɗora maka wani. Amma wannan 'ka sani' ɗin, ka riƙe abarka."

Daga ranar Yaya ya daina biyowa ta Makoda. A gida ma magana ta yi masa wuya, ya ci abinci ya tashi, ba hira. Ya ce ranar Asabar zai kai motar Kano a buɗe injin a gaban idonsa.

Ni abin ya tsaya min a rai. Na san Maigareji shekara da shekaru, ban taɓa jin ya ɗaura wa mutum abin da ya san ba shi da kyau ba. Sannan yadda ciwon ke zuwa bai kwanta min ba. Ban san inji ba, amma na san neman ciwo, shi ne abincina. Abin da yake lafiya a tsaye ya rikice a tafe, to akwai abin da tafiyar ke canzawa, kuma shi ya kamata a nema. Ranar Alhamis da la'asar na rufe rumfa da wuri na hau babur ɗina zuwa Makoda.

Na tarar da Maigareji shi kaɗai yana wanke kafireto a cikin fetur. Muka gaisa, ya tambayi iyali, bai tambayi Yaya ba.

"Alhaji, tambaya na zo yi," na ce. "Idan kan inji ya tsage ko gasket ɗin da ke ƙarƙashinsa ya ƙone, yaya ake ganewa ba tare da an buɗe ba?"

Ya ɗago ya dube ni. "Shi ya aiko ka?"

"Bai san na zo ba."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Da safe, inji na sanyi, ka buɗe murfin lagireto ka tayar. In ka ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, to iskar inji ce ke shiga ruwa. Ka zaro sandar mai, in ka ga ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Ka kuma dubi salansa ko tana farin hayaƙi bayan ta ɗumama. Duk na duba ban ga ko ɗaya ba. Na faɗa masa, bai ji ba." Sannan ya ƙara, "Abin ya fi damuna fiye da shi. Na tsufa a aikin nan, a ce mota ta zo hannuna sau uku ta koma da ciwonta."

Bayan sallar magariba na sami Yaya a kan tabarma a ƙofar gida.

"Yaya, ka ba ni motar gobe. Yini ɗaya. In ban ga komai ba, Asabar sai ka kai ta Kano."

"Mota ce fa, ba rediyo ba."

"Na sani. Amma akwai fanka a cikinta, fanka kuwa sana'ata ce."

"Fanka lafiyarta ƙalau. Kurma ma zai ji tana juyi."

"To ka bar ni in gani da idona."

Ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye a kan tabarma, bai miƙo min ba. "Kar dai ka kwance abin da ba za ka iya mayarwa ba."

Washegari da sassafe na fita wajen motar, tana ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida. Na bi abin da Maigareji ya faɗa ɗaya bayan ɗaya. Ruwa na zagayawa sumul, ba kumfa. Mai baƙi ne wuluk mai santsi. Na tara tafin hannu a bakin salansa, iska ce mai ɗumi busasshiya. Na mayar da murfin lagireto na bar injin yana aiki.

Sai na sauke bonet na zagayo gaban motar, na tsaya ina tunanin ta inda zan fara bin wayoyi. A nan na ji ƙasan rigata yana kaɗawa, iska mai ɗumi tana bugun gwiwoyina. Na ɗaga kai na dubi tsamiyar, ko ganye ɗaya ba ya motsi. Na tsuguna, na zaro hankici na riƙe a gaban ragar lagireto. Kamata ya yi fanka ta zuƙe shi ya manne. Maimakon haka sai ya taso ya nufo fuskata.

Na zauna a ƙasa na yi dariya ni kaɗai. Wannan ciwo na san shi kamar yunwar cikina. Fankar gida mai aiki da wutar lantarki ba ruwanta da wace waya ka sa a ina. Amma fankar da ke aiki da batir, irin ƙananan masu caji da ake kawo min kullum, in ka juya mata waya baya za ta yi ta juyi. Ni kaina na sha yin haka a rumfa, in kunna in ji iska ta bayanta, in warware in sake. Fankar Yaya tana juyi da ƙarfinta, amma maimakon ta jawo iskar waje, zafin inji take kwasowa tana turawa gaba. A tsaye, ko ta wace fuska iska ta bi tana ɗan rage zafi. A tafe kuwa iskar hanya na son shiga, fanka na tura ta waje, sai su tokare juna a lagireto, ruwa ya rasa mai sanyaya shi. Masu dubawa kuma kullum ta sama suke leƙawa da bonet a ɗage, inda iska ke watsuwa ko'ina. Ba wanda ya tsaya a gabanta bonet na rufe.

Na bi wayoyin. Ga ledar da Yaya ya naɗa a hanyar Watari, ta ƙanƙance don zafi. Wayoyin duka baƙaƙe ne, kauri ɗaya, babu alamar da za ta nuna wa mutum wacce ce wacce.

Gyaran bai fi na minti biyu ba, filaya kuma na aljihuna. Amma ban taɓa ba. Da na juya su a ɓoye, motar za ta warke, a ce Mai Rediyo ya yi abin mamaki, Maigareji kuma ya ci gaba da ɗaukar sunan wanda ya cuci amininsa. In kuma na fita tasha na faɗa, na tozarta wana a gaban mutanen da ke girmama shi. Na kashe motar na shiga gida. Yaya yana shan koko. Na jira ya gama, na ce ya zo ya taya ni riƙe wani abu.

Unguwa ba kowa tukuna. Na tayar da motar, na rufe bonet, na miƙa masa hankicin.

"Yaya, riƙe min wannan a gaban raga."

Ya tsuguna ya riƙe. Hankicin ya taso. Ya matsar da shi gefe, ya sake tasowa. Ya ajiye shi ya kara tafin hannunsa, ya daɗe a haka. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan titi, ba ya bukatar a yi masa bayani.

"Ranar nan ce," ya ce a hankali. "A hanyar Watari."

"Wayoyin kala ɗaya ne, Yaya. Ko ni ne a wurin, cikin rana ga kaya a baya, zan iya juya su."

"Amma ba kai ba ne." Ya miƙe. "Kashe ta, ka ba ni filayar."

Shi ya warware su da hannunsa ya musanya. Na sake murɗa makulli. Ya kai hankicin, kafin ya gama miƙa hannu fanka ta fizge shi, ya manne a raga kamar an liƙa. Ya tsaya yana kallonsa, ba alamar murna a fuskarsa. Na san ba motar yake tunani ba.

Na ce, "Aikin bai ƙare ba. Haɗin nan ba fis, ranar da waya ta goge a jikin ƙarfe gobara ce. Ina so in yi mata wanda za ta riƙa tashi da kanta tana tsayawa da kanta. Amma akwai ɓangaren ruwa, wannan kuwa ba nawa ba ne. Sai an je Makoda."

"Za a je," ya ce. "Gobe. Ka haɗa kayanka yau."

Bayan sallar Juma'a na bi rumfunan masu kayan mota a Ɗanbatta. Na samo fis da gidansa, da waya mai kauri kala biyu, ja da baƙa, da rile, wani ɗan akwati da ƙaramar wuta ke taɓawa shi kuma ya saki babba, don kada nauyin fanka ya sake bi ta kan ƙaramin makunni. Sai uwa uba makunnin zafi, wani ɗan dunƙulen ƙarfe mai zare irin na noti, wanda ke haɗa wuta da kansa idan ruwan da ya taɓa shi ya yi zafi. Tsofaffi ne jibge a kwali, ba mai iya ce maka wanne ke aiki, sai na ɗauko uku a kan zan gwada in mayar da sauran.

A madafar mai ɗakina na yi gwajin. Ta ga na nufo da batirin babur da ƙwan fitila da wayoyi, ta tare ƙofa da ludayi a hannu.

"Malam, ba dai a tukunyata ba."

"Gwangwani na kawo. Murhu kawai za ki ara min."

"Miyar fa?"

"Minti goma."

Ta sauke miyar tana mita, amma ba ta tafi ba. Na cika gwangwanin da ruwa, na rataya makunnin farko yadda gindinsa kawai ke ciki, na haɗa shi da batir da ƙwan. Ruwa ya tafasa har ya fara ƙonewa, ƙwan bai kama ba. Na biyu tun ruwa bai wuce na wanka ba ya kama. Wannan ma bai yi ba, fanka ba za ta taɓa hutawa ba. A na uku muka zuba ido mu biyu. Ruwa ya fara tsuwa, ƙananan kumfa suka taru a gindin gwangwani, sai muka ji ƙas, ƙwan ya haska. Na sauke gwangwanin daga wuta, bayan ɗan lokaci ya mutu da kansa.

"Wannan shi ne mai hankali," in ji ta. "Ya san lokacin da ake rage wuta. Kwashe kayanka, minti gomanka ya zama awa."

Ranar Asabar muka isa Makoda da hantsi, allura ko rabi ba ta kai ba a hanya. Benci cike yake da direbobi, wasunsu suna nan ranar da aka yi waccan magana. Na ɗauka Yaya zai ja Maigareji gefe. Bai yi haka ba. Ya yi sallama, ya tsaya a tsakiyar fili.

"Maganar da na faɗa a nan, a nan na zo in janye ta," ya ce. "Injinka lafiyarsa ƙalau. Ni na juya wayar fanka da hannuna, tana tura iska waje. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Ka yafe min."

Maigareji ya tako gaban motar, ya yi min alama in tayar. Ya kara hannu a raga ya ji iska na shiga. Na faɗa masa yadda na same ta jiya da safe. Ya dafe kai.

"Sau uku tana gabana, ban tsuguna a nan ba." Ya juya wajen Yaya. "Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ni na sa maka makunnin da ba zai ɗauki wutar ba, ni kuma na ja maka waya kala ɗaya. Ka ci abinci?"

"Ban ci ba."

"To bari a gama."

Maigareji ya zazzage gwangwaninsa ya nemo tamostat ya mayar. Wani mai walda a maƙwabta ya yanko mana guntun bututun ƙarfe, ya huda shi ya liƙa noti inda makunnin zafi zai ɗauru. Maigareji ya raba tiyon ruwa na saman lagireto gida biyu, ya sa bututun a tsakani ya ɗaure. Ni kuma na ja wayoyina, ja daga batir ta cikin fis zuwa rile zuwa fanka, baƙa zuwa jikin mota, inda na kankare fenti har ƙarfe ya fito fes. Na raba su da duk abin da ke zafi ko juyi, na ɗaure kowace a wurinta.

Aka cika ruwa aka tayar. Muka tsaya mu uku muna kallon allura. Ta kai rabi, fanka shiru. Ta wuce rabi, shiru. Na ji direbobin benci sun fara gyaran murya. Yaya ya dube ni.

Ban ji ko ɗar ba, don na san abin da na gwada. Na cire wayoyi biyun da ke kan makunnin zafi na haɗa su da juna. Rile ya yi ƙas, fanka ta tashi nan take.

"Wuta lafiya," na ce. "Makunnin ma jiya na dafa shi, yana aiki. Ruwan ne ba ya taɓa shi."

Maigareji ya kashe motar, ya dubi bututun, ya yi murmushi. "Kai ka ce a ɗaura shi yana kallon sama don ka ji daɗin sa waya. Nan ne ƙololuwa, iska ce ta kwanta a wurin. Ba ruwa yake sha ba."

Gaskiyarsa, ni na ce a yi haka. Muka jira ta huce. Ya sassauta ɗaurin ya murɗa bututun, makunnin ya koma ta gefe ƙasa-ƙasa. Yaya ya hau da ƙafafun motar na gaba kan wani tudun ƙasa don gaban motar ya ɗaga. Maigareji ya buɗe murfi yana matsa tiyo da hannu, lagireto na ta gyatsa, ruwa na sauka yana ƙarawa, har ya daina karɓa. Aka rufe aka sake tayarwa. Allura ta ɗan gota rabi, muka ji ƙas, fanka ta kama. Ba a jima ba allura ta dawo, fanka ta tsaya da kanta. Sai da ta yi haka sau huɗu Maigareji ya yarda a kawo abinci, shinkafa da wake da mai da yaji. Muna ci yana tsokanar Yaya, wai daga yau in ya ga wuƙa a hannunsa kusa da waya zai ƙwace.

Ranar Litinin na bar rumfa a rufe na bi Yaya Watari, don gwajin gareji daban, na titi daban. Aka yi lodi har ya haura bodi, muka kama hanyar Kano rana ta fara zafi. Idona na kan allura, shi nasa na kan titi, amma ina ganin yana satar kallonta. A buɗaɗɗiyar hanya fanka ba ta ma tashi ba, iskar tafiya ta wadatar. Sai da muka shiga cunkoson bakin gari, tsakanin manyan motoci da 'yan adaidaita, ana tafiya taku-taku, sannan na ji ƙas a ƙarƙashin bonet. Ta yi aikinta ta yi shiru. Jarkar ruwan da muka ɗauko ba a buɗe ta ba sai da za mu yi alwala.

Mun sauke kaya da sauran safiya, tumatir da ƙarfinsa har na ƙasan kwando. A hanyar dawowa Yaya ya tsaya wajen wani mai kankana, muka zauna a inuwar motar muna sha. Ya tsinci wani kwali a ƙasa ya miƙo min da biro.

"Zana min yadda ka ja wayoyin nan. Wacce ta tafi ina."

Na zana masa batir da fis da rile da fanka, na rubuta ja ko baƙa a gefen kowane layi. Ya sa na maimaita masa aikin rile sau biyu, ya yi ta tambaya: in fis ya ƙone a hanya fa, in makunnin ya mutu fa. Na ba shi fis biyu da na ajiye a aljihu, na nuna masa wayoyin da zai haɗa fanka ta tashi har ya iso gida. Ya ninke kwalin ya sa a aljihun gaban mota.

Muka wanke hannu da ruwan jarka. Ya ce albasar gefen rafi ta isa cira, in ba a kwashe ta cikin makon nan ba rana za ta dafa ta a ƙasa. Muka shiga mota muna shawarar mutum nawa za a nema da ranar da za a fara.